Ɗinkin ƙirge: Yadda allura da zare suka raba ni da waya a Riyad

A watan Yulin bara, lokacin da zafin Riyad ke kaiwa digiri 45 da rana tsaka, kusan duk wanda na sani a jami'a ya tattara ya tafi hutu. Ni kam na zauna. Babi na uku na kundin digirina na biyu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kuɗin tikitin jirgi zuwa Kano kuma ya fi ƙarfin aljihuna. Duk wanda ya taɓa yin bazara a garin nan ya san yadda take: ba mai leƙa waje sai rana ta faɗi, mutum na ɗaki daga shi sai ƙugin na'urar sanyi da waya a hannu. Wata rana na duba lissafin da wayar ke yi na lokacin da nake ɓatawa a kanta, na ga awa tara da 'yan mintoci. A ranar ko shafi ɗaya ban ƙara a kundin ba. Barci kuwa sai bayan asuba.

Ana cikin haka wata 'yar ajinmu Bafalasɗiniya, haifaffiyar nan Riyad, ta matsa sai na je gidansu cin abincin dare. Na tarar da mahaifiyarta a falo, tabarau a karan hanci, da farin ƙyalle a cinya tana ta soka allura. Abin da ke fitowa a kan ƙyallen jerin bishiyoyi ne jajaye, kowace daidai da 'yar'uwarta kamar inji ne ya buga. Na matsa kusa, sai na ga ashe duk adon nan ba komai ba ne illa ƙananan alamomin X, ɗaruruwa, an jera su kafaɗa da kafaɗa.

Na ce, "Khalti, wannan aiki ai sai mai baiwa."

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ya binti, kin iya ƙirga daga ɗaya zuwa goma?"

Na ce na iya.

Ta ce, "To kin iya."

A daren na koma ɗaki da guntun ƙyalle, allura ɗaya da ragowar jan zare. Yau ga shi fiye da shekara guda ban ajiye su ba.

Sunansa da asalinsa

Turawan Ingila na kiransa kuros sitic, saboda zare biyu ne ke gitta juna. Sunan siffar ɗinkin kawai yake nufi, na faɗa ne don na san akwai wanda zai tambaya. A shagunan Saudiyya za ki ji ana cewa itamin ko kanfa, sunayen da suka samo asali daga ƙyallen da ake yin aikin a kansa. Falasɗinawa kuma na ce masa ɗinkin fallahi, wato na matan karkara. Ni a Hausa na zaɓi in riƙa ce masa ɗinkin ƙirge, domin ƙirga ita ce ruhinsa. Ƙyallen yana zuwa da gida-gida kamar na dara. Zanen da ake bi shi ma gida-gida ne a takarda, kowane gida da alamar launinsa. Aikinki shi ne ki ƙirga a takarda, ki ƙirga a ƙyalle, ki cike gidan da X guda. Ba a buƙatar iya zane, ba a buƙatar keken ɗinki, ba ruwanki da wutar lantarki sai dai ta haska miki.

Tsohon ɗinki ne da ake samu a sassa da dama na duniya. A gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan akwai wani ƙyalle da wata mai suna Jane Bostocke ta yi wa aiki ta rubuta shekarar 1598 a jiki, kuma shi ne mafi tsufa a irinsa na Birtaniya da ke ɗauke da kwanan wata. Amma a wannan yanki da muke zaune, idan aka ce wannan ɗinki to Falasɗinu ake tunawa.

A can, kafin 1948, rigar mace kan faɗi garinsu tun kafin ta buɗe baki. Matan Ramallah sun shahara da jan zare a kan farin lilin, na yankin Gaza da na Khalil kowa da launinsa da tsarinsa. Zanukan ma suna da sunaye: bishiyar saru, wadda na gani a cinyar Khalti, da watan Baitalahmi, da sauransu. Da aka tarwatsa ƙauyuka mutane suka watsu sansanonin gudun hijira, ɗinkin ya bi su. A 1969 aka kafa ƙungiyar Inaash a Labanon, wadda ke ba matan sansanoni aikin ɗinki su samu na cefane. Lokacin boren Intifada na farko da ya ɓarke a 1987, da Isra'ila ta haramta ɗaga tutar Falasɗinu, sai mata suka koma ɗinka tutar da taswirar ƙasar da hoton Ƙubbatus Sakhra a jikin rigunansu. Ana iya fizge tuta daga hannun mutum, amma cire wa mace riga a bainar jama'a wani abu ne daban. A Janairun 2019 Rashida Tlaib ta sa irin wannan riga ranar da aka rantsar da ita a majalisar wakilan Amurka, sannan a Disamban 2021 hukumar UNESCO ta sanya ɗinkin Falasɗinawa cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Khalti ba ta taɓa kwana a ƙauyen iyayenta ba. Amma ta san zanen ƙirjin rigar matan ƙauyen gida bayan gida, da ka, kamar yadda muka haddace Ƙulhuwallahu. Wannan ya tsaya mini a rai, zan kuma dawo kansa.

Kayan aiki: abu biyar sun isa

Kada a ruɗe ki da bidiyon da ake sawa a YouTube da Instagram, inda za ki ga mace da akwatuna cike da zare kala ɗari uku da fitila ta musamman. Mai farawa abu biyar take buƙata: ƙyalle, zare, allura, ƙaramin almakashi da zane. Zoben katako da ke ɗame ƙyalle, wanda masu shago a nan ke kira ɗara, na shida ne. Yana taimaka wa sabon hannu, amma Khalti ba ta taɓa amfani da shi a gabana ba. Duka-duka abin da na kashe a sayayyata ta farko bai kai kuɗin cin abinci sau biyu a waje ba.

Ƙyallen da ya fi sauƙi sunansa Aida. Auduga ce da aka saƙa ta yadda hudojin ke fitowa fili. Ana sayar da shi da lamba: 11, 14, 16, 18. Lambar tana nufin yawan gidajen da ke cikin inci ɗaya, don haka duk sanda lamba ta hau, gidajen na ƙara ƙanƙancewa. Ki fara da 14, kuma fari ko ruwan madara. Baƙin ƙyalle yana da kyau a hoto, amma zai sa ki tsani kanki da dare.

Wannan lamba ita ce ke gaya miki girman aikin tun kafin ki soka allura. Idan zanenki gida 70 ne a tsaye 70 a kwance, ki raba 70 da 14, ya ba ki inci 5, wato kusan santimita 13. Sai ki ƙara inci uku a kowane gefe saboda riƙo da sa firam daga baya. Ke nan za ki yanka inci 11 a kowane ɓangare. Na ga wadda ta yi tsumulmular ƙyalle, ta yi wata biyu tana aiki, ta zo ƙarshe ta tarar babu wurin layi shida na ƙasa.

Zare kuwa, wanda ya fi yaɗuwa shi ne na kamfanin DMC, wanda asalinsa ke komawa 1746 a garin Mulhouse na Faransa. Akwai kuma Anchor. Ɗauri ɗaya na DMC mita takwas ne, kuma zaren sili shida ne a murɗe. Ba a ɗinki da shidan gaba ɗaya. A kan Aida mai lamba 14 sili biyu ake zarowa. Kowane launi da lambarsa, kuma lambar ɗaya ce ko a Riyad kika saya ko a Alƙahira ko a Manchester: 310 baƙi ne, 321 ja ne. Amfanin haka shi ne idan zare ya ƙare miki ana tsakiyar aiki, lambar kawai za ki faɗa. Saboda haka kada ki yar da 'yar takardar da ke naɗe da zaren. Matan Falasɗinu sun fi son wani nau'in mai sheƙi da ke zuwa a dunƙule kamar ƙwallo, wanda ba a raba silinsa, amma wannan sai hannu ya faɗa.

Akwai zare marar suna mai arha da ake sayarwa jaka guda. Ba na hana kowa, da shi na yi koyo. Sai dai ki gwada jan da shuɗin tukuna: ki jiƙa guntu ki matse shi cikin farar takarda. Idan ya zuba, kin tsira da aikinki.

Allurar ba irin ta ɗinkin kaya ba ce. Bakinta a dakushe yake, idonta dogo, domin ba huda ƙyalle za ta yi ba, hudar da ke nan za ta bi. Lamba 24 ita ta dace da Aida 14.

A Riyad, ki nemi shagunan da ake kira kulaf, masu sayar da maɓallai da leshi da kayan teloli. Akwai su a kasuwar Taiba da ta Uwais, akwai su a Batha, wadda zuwanta ya yi sauƙi tun da jirgin ƙasa na cikin gari ya fara aiki a Disamban 2024. Ki ce "ƙumash itamin", ko ki nuna hoto a waya, ya fi saurin fahimta. Waɗanda ke Turai da Amurka su kam abin a ƙofar gida yake, har da ƙunshi da ke zuwa da komai a ciki. In za ki sayi irin wannan ƙunshi, ki ɗauki wanda bai fi tafin hannu ba, mai launi uku ko huɗu.

Yadda ake soka allurar

Ki ninka ƙyallen biyu, ki sake ninkawa. Inda layukan suka haɗu nan ne tsakiya, kuma daga nan ake farawa, domin zanen ya zauna daidai. Takardun zane na nuna tsakiyarsu da 'yan kibiyoyi a gefe.

Tsawon zaren da za ki yi aiki da shi kada ya wuce kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. In ya fi haka zai yi ta harɗewa yana tsufa kafin ki kai ƙarshensa. Ba a ƙulli a wannan ɗinki, ko a farko ko a ƙarshe, saboda ƙulli na yin tudu, wani lokaci ma ya faɗo ta huda. Dabarar da Khalti ta koya mini ita ce: ki yanko sili ɗaya mai tsawon kamu biyu, ki ninka shi, ki zura bakin biyu a idon allura, ya zama ƙarshen zaren madauki ne. Ki fito da allura daga baya, ki mayar da ita, sai ki bi da ita ta cikin madaukin nan ki ja. Ya kama ke nan. In kin gama kuma, ki cusa allurar ƙarƙashin ɗinki huɗu ko biyar ta baya ki yanke.

Kowane gida yana da huda huɗu. Ki fito ta ƙasan hagu, ki shiga ta saman dama. Ki fito ta ƙasan dama, ki shiga ta saman hagu. X ta samu. Idan layi ne dogo mai launi ɗaya, ki yi rabin farko har ƙarshen layin, sannan ki dawo kina rufewa. Doka ɗaya ce ba a karyawa: zaren da ke sama ya riƙa kallon gefe ɗaya daga farkon aiki har ƙarshensa. In kika riƙa juyawa, haske zai faɗi a kansu daban-daban, aikin ya yi dabbare-dabbare ko da launin ɗaya ne. Kada kuma ki ja zare da ƙarfi kamar mai ɗaure buhu. Ya kwanta kawai. In kin ji ya fara murɗewa, ki saki allurar ta yi lilo, zai warware da kansa.

Iya ilimin ke nan. Cikin rabin awa an gama koyonsa. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne ladabin ƙirga, kuma a nan ne na sha kashi.

Aikina na biyu jerin bishiyar saru ne guda bakwai. A ta biyu na tsallake gida ɗaya ina sauraron saƙon murya daga gida, ban lura ba. Na yi dare uku ina ɗorawa a kan kuskuren. Sai da na zo haɗa layin ƙasa na ga gefe da gefe sun ƙi gamuwa. Na kai wa Khalti ina fatan ta ce ba komai. Ba ta ko kalli gaban ba, ta juya bayan ƙyallen, ta bi da farce, ta ce, "Nan ne." Sannan ta miƙo mini allura ta ce in warware. Warwarar ta fi ɗinkin ciwo, don ina ji ina gani na cire aikin dare uku sili-sili. Tun daga ranar nake ja wa ƙyallena layi duk bayan gida goma da alƙalamin da ruwa ke wankewa, daidai da layuka masu kauri da ke jikin takardar zane, kuma duk layin da na gama sai na soke shi da fensir.

Daga baya na gane ba kowane kuskure ne ake warwarewa ba. In a cikin ganyen fure ne, bar shi, ba mai sani. In a zane ne mai gefe biyu iri ɗaya, ko rubutu, to babu makawa.

Abin da bidiyo ba zai gaya miki ba

Masu koyarwa a intanet yawanci a ƙasashen sanyi suke, ba su san halin da muke ciki ba. Iskar Riyad busasshiya ce, fatar yatsa na yin kaushi ta riƙa kama zare tana tsefe shi. In kika shafa mai kuma ya bar tabo a farin ƙyalle. Abin da nake yi shi ne in shafa man tun da wuri, in wanke hannu kafin in zauna. Sabon lalle, humra da hayaƙin turaren wuta duk abokan gabar farin Aida ne, na gwada na gani. Ƙura kuma ba ta neman izini, don haka aikin na kwana cikin jaka mai zif, a cire shi daga zoben katako don kada ya bar shaida. Kada ki bar ƙyallen da kika ja wa layi a cikin mota, kada kuma ki goge shi kafin ki wanke, domin zafi na iya kama tawadar ta zauna daram. In an gama, a wanke da ruwan sanyi da ɗan sabulu marar ƙarfi, a shimfiɗa tawul, a kifa aikin a goge ta baya.

Sai batun ido da wuya. Ki zauna inda haske ke sauka a kan ƙyallen, ki riƙa ɗaga kai kina duban nesa. Ranar da na yi awa huɗu a zaune ban motsa ba, washegari da ƙyar na yi ruku'u.

Akwai kuma tambayar da 'yan'uwa mata suka fi yi mini: zanukan da ake samu a intanet ai duk karnuka ne da kyanwoyi da kayan Kirsimeti. Gaskiya ne suna da yawa, amma ba su kaɗai ba ne. Zanukan Falasɗinawa kusan duk siffofi ne da tsirrai. Rubutun Kufi mai kusurwa huɗu, irin wanda ake gani a bangon tsofaffin masallatai, shi dama a kan gida-gida aka gina shi, kamar don wannan ɗinki aka ƙirƙire shi. Sai dai in aya ce ko sunan Allah, a yi ta don bango, ba don matashin kujera ba.

Ban ce ɗinki magani ba ne, kuma wadda damuwa ta yi wa yawa likita ya kamata ta gani. Abin da na sani shi ne hannu biyu yake ci, ba a yinsa da waya a tafin hannu. Kai kuma yana samun abin riƙo ɗan kaɗan, daidai wanda zai hana shi yawo. Na kan yi minti arba'in bayan isha, ina sauraron karatu ko rediyo. Awa taran nan ta sauko, barci ya dawo wurinsa. Babi na uku ma ya wuce, kodayake ba zan ɗora wa allura alhakin wannan ba, mai duba aikina ya fi ta iya matsa lamba.

Namu fa?

Ni 'yar Zariya ce, kuma abin kunya ne a ce sai da na zo Riyad na riƙi allurar ado da gaske. Na tashi ina ganin maza a zaure da bakin titi, babbar riga a shimfiɗe a cinya, suna yi mata aiki. Don haka namijin da ke karanta wannan yana cewa aikin mata ne, ya tuna wa ke ɗinka aska takwas da tambarin da ke rigar kakansa. Na ga mata a cikin gida suna ɗinkin hula, kube da damanga da zanna bukar, da kuɗin ake yin adashi a haɗa kayan ɗakin 'ya. A firamare ma an sa mu yin wani abu mai kama da wannan a darasin aikin hannu, da zaren ulu a kan buhun algarara. Ashe ɗinkin ƙirge na taɓa yi ban san sunansa ba.

Ado a wurinmu ba baƙo ba ne. Akwai zaren tsamiya, sirikin da ake samu daga tsutsar da ke saƙa a bishiya, akwai alharini da fatake ke ƙetaro Sahara da shi. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shafe shekaru yana nazarin ɗinkin Hausawa, har ya shirya baje kolin fasahar Hausa a Landan a 1976. A birnin Zariya akwai ƙungiyar mata masu ɗinki mai sunan Sarauniya Amina tun 1994, da ke ɗora zanen babbar riga a kan kayan da ake sayarwa har ƙasashen waje.

Bambancin shi ne, aikin rigarmu zane ake bi. Mai zayyana ya zana a jikin yadi, mai ɗinki ya bi sawu. Ilimin yana hannun mutum ne, in ya tafi ya tafi da shi. Shi kuwa ɗinkin ƙirge ana iya rubuta shi a takarda kamar lissafi, a tura ta WhatsApp, yarinyar da aka haifa a Jidda ko Toronto ta fitar da shi daidai ba tare da ta taɓa ganin mai zanen ba. Haka jikokin Falasɗinawa ke koyon zanen ƙauyukan da yanzu babu su a taswira. Na yi ta neman zanen dagi ko aska a wannan tsari, ban dace ba. Na Yukiren da na Hangari da na Falasɗinu kuwa har sai na gaji da zaɓe.

Saudiyya ma ta farga da nata. Saƙar sadu ta makiyaya ta shiga jerin UNESCO a 2020 da sunan Saudiyya da Kuwait. An kafa cibiyar koyar da fasahohin gargajiya ta Wrth a nan Riyad, ana yin makon sana'o'in hannu da ake kira Banan, kuma Ma'aikatar Al'adu ta ware 2025 a matsayin shekarar sana'o'in hannu. Za ki ga zanen sadu a jikin kofin shayi, a jaka, a bangon filin jirgi. Duk sanda na gani sai in tuna luru da gwado da faifan da ke ɗakin kakata, waɗanda adonsu dama a jere yake layi-layi, ba abin da ya rage sai wanda zai zauna ya ƙirga.

Sai na ce bari in gwada da kaina. Na buɗe Excel, wanda dama kullum ina cikinsa saboda alƙaluman bincike, na matse layukan suka zama gida-gida, na sa hoton dagi a gefe na fara cikewa. Littafin lissafi na 'yan firamare ma zai yi wannan aiki. Layukan da suka karkace ba su ba ni wahala ba, hawa-hawa suke fitowa kamar matakala. Lanƙwasar kusurwoyin ce ta ƙi. Na farko ya fito kamar tabarmar da akuya ta tattaka. Sai a gwaji na biyar na gane cewa ƙaramin zane ba ya ɗaukar lanƙwasa, dole a ba shi fili. Na tsaya a gida 91 tsaye 91 kwance, wato inci shida da rabi a kan Aida 14. Na zaɓi mara ce don a samu gida ɗaya tak a tsakiya. Inda zare ke bi ta ƙarƙashin ɗan'uwansa na bar gida ɗaya fari a kowane gefe, sai saƙar ta fito. Launi biyu na sa, shuɗi mai duhu irin na marinar Ƙofar Mata da ruwan ƙasa irin na tsamiya. Aska ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, tunda tsini ne miƙaƙƙe, da ita zan ba mai farawa shawarar ta soma.

Wani zai ce wannan ba ɗinkinmu ba ne, an ɗauki zanen Hausa an sa masa rigar aro. Ban musa ba. Dagin da aka yi da X ba zai taɓa kama ƙafar wanda gwani ya yi a kan saƙi ba, kuma ba na so a wayi gari a ɗauka shi ne na asali. Amma ɗiyar yayata da ke Birmingham ba za ta je zauren Zariya ta yi shekara tana koyo ba. Wannan kuwa na tura mata takardar, ta yi rabi a hutun makaranta, har ta kira tana tambayar me ya sa ake ce masa dagi. Uwarta ta kasa amsawa, ni ma na yi ta kame-kame, sai da aka haɗa ta da Baba.

Nawa dagin na ƙanwata ne, bikinta na tafe bayan Babbar Sallah, so nake ta rataya a ɗakinta. Ranar Juma'ar da ta wuce na kira gida ta bidiyo, Umma ta kai wa Kaka wayar. Kaka ta yi shekaru tana ɗinkin hula kafin ido ya hana ta. Na ɗaga ƙyallen ina jiran yabo. Ta kawo fuska dab da gilashin wayar, ta yi shiru, can ta ce, "Ke 'yar nan, juya mini bayansa in gani."

Na juya. Ta ce da sauran gyara, amma ba laifi, in je in ƙarasa. Saura layi goma sha tara.